Fijon Baba a Hanyar Katsina

Ina aji uku a firamare Baba ya shigo layinmu da mota, a shekarar 1982, zamanin Shagari. Peugeot 504 ce fara, haɗin kamfanin Kaduna, wadda kowa ke kira Fijo. Rance ya karɓa a wurin aiki ya saye ta, aka yi shekaru ana cira daga albashinsa. Maƙwabta suka yi ta shigowa ana Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, Umma kuwa ta soya waina aka raba sadaka. Ledar kujerun ta fi wata uku ba a cire ba. Har yau in na shaƙi ƙamshin sabuwar leda, wannan yammacin nake tunawa.

Doguwar tafiyarmu ta farko, ana jibi Babbar Sallah muka yi ta, daga Kano zuwa Katsina wajen Kaka. Lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, sai 1987 aka ba ta jiharta. A da, zuwa gida yana nufin sammako a tasha, 'yan kamasho na fizgar kaya, mu yara a kan cinya har ƙafa ta yi sanyi. Ranar nan kuwa mu huɗu ne a baya, kowa da wurinsa, ni da Yaya muna rigimar jikin taga. Ragon layyar Kaka yana but, Baba ya shimfiɗa masa buhuna biyu, ya ɗaure murfin da igiya ya bar masa kafar shan iska. Ya biya mana addu'ar hawa, muka maimaita, sannan ya tayar.

Muna wuce Dawanau gari ya ƙare, gonaki suka buɗe. Ƙarshen damina ne, an fara yankan gero, dawa ta fi mutum tsawo. Ƙanwata ta ce itatuwa gudu suke yi suna komawa Kano, ba wanda ya iya fid da ita daga wannan magana har Bichi, inda jiri ya kama ta, Umma ta ba ta lemon tsami tana tsotsa. Baba ba ya hira. Hannu biyu a sitiyari, ido a titi, duk motar da ta matso sai ya kauce ya ba ta hanya. A Gidan Mutum Ɗaya muka tsaya aka sayi dafaffiyar gyaɗa da tsire, amma ya ce a ƙasa za a ci, ba a cikin mota ba.

Mun wuce Kankiya kaɗan tayar baya ta yi faci. Baba ya gangara gefe, ya sauke ragon ya ba Yaya igiya, ya fidda buhuna da jakunkuna, ya laluba ko'ina, babu safaya. Na ga zufa na bin wuyan rigarsa. Umma ta ce, "Malam, ko ba su sa maka ba ne?" Bai amsa ba.

Muna nan sai wata babbar mota mai bodin katako ta tsaya gabanmu. Direban, wani dattijo da goro a baki, ya sauko ya yi sallama. "Malam, sabuwa ce ko? Ai Fijo a ƙarƙashi take ɓoye tayarta." Ya sa hannu cikin but ya saki wani ƙarfe, sai ga taya ta sauko daga ƙasan motar. Bai karɓi aikin ya yi da kansa ba. Tsugunawa ya yi yana nuna wa Baba inda ake kafa jak, da yadda ake sassauta noti tun taya na ƙasa. Baba ya naɗe hannun babbar riga ya yi komai da hannunsa. Da ya miƙa masa naira ɗaya, dattijon ya ce a saya wa yara rake, ya hau motarsa ya tafi. Ko sunansa ba mu ji ba, amma duk tsawon rayuwar Baba ban taɓa ganin ya wuce mota a gefen hanya bai rage gudu ya tambayi lafiya ba.

Bayan la'asar muka shiga ta Ƙofar Ƙaura. Yaran unguwa suka biyo mu a guje har ƙofar gida. Kaka ta fito zaure da carbinta. Ita ta riƙe Baba tun yana maraya, da kuɗin ƙuli-ƙuli ta saya masa littattafan makaranta. Ba ta ce komai ba, ta dai ɗora tafin hannunta a kan bonet, da sauran zafinsa, ta daɗe tana motsa baki, hawaye na bin kuncinta. Baba ya durƙusa a gabanta cikin rigar da ta sha ƙura da baƙin mai.

Washegarin Sallah ya ce zai kai ta gaida 'yan uwa. Ta zauna a gaba, ta riƙe ƙofa gam. Da muka zo ta wajen hasumiyar Gobarau sai ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Rage gudu mana, ɗan nan, ina so in ga mutane, su ma su gan ni."