Tiya ɗaya, layi ɗaya: yadda muke riƙe rumbun hatsin ikkilisiya a Damagaram

Mu Kirista a Nijar ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, haka ƙidayar 2012 ta nuna. A Damagaram kuwa, ko da yake masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka tun 1924, har yau kowa a unguwa ya san gidajenmu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u a garin nan saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, washegari wutar ta kama a Yamai. An rasa rayuka. Da yawa cikinmu sun kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu. Bayan ƙura ta lafa, shawara biyu ta fi ƙarfi: a ɗaga katanga a rufe ƙofa, ko a tattara a bar gari. Ikkilisiyarmu ta ɗauki ta uku daga Irmiya 29:7, inda aka ce wa mutanen Allah su nemi lafiyar birnin da suke zaune a ciki. Muka buɗe rumbun hatsi wanda kowa a unguwa zai saya.

Jarin farko daga baikon godiya na kaka ya fito. Masu gona suka kawo damma, ma'aikata suka kawo kuɗi, zumuntar mata ta kawo abin da ta tara a asusu. Da buhu 30 muka fara, kuma shawarata ga duk mai son farawa ita ce kada ya wuce abin da mutum uku za su iya ƙirgawa da ido cikin safiya ɗaya.

Saye tsakanin Nuwamba da Disamba ake yi, lokacin da hatsi ya bushe kuma manoma na fitar da shi. Wanda ya jira Fabrairu ya riga ya saya a hannun 'yan kasuwa. Kasuwar Mirya na kusa, amma ranar Lahadi take ci, lokacin sujada, don haka mun fi sayen namu ranar Alhamis a Kasuwar Dole ko kai tsaye a ƙauyukan hanyar Matamai. Mutum biyu ke zuwa, ba ɗaya ba, kuma ba 'yan gida ɗaya ba. Buhun kilo 100 tiya 40 ake cewa, amma kada ka yarda da baki: a zazzage a shimfiɗa, a auna a gabanka. Shekarar farko mun saya a ɗinke, da muka buɗe a damina wasu buhunan tiya 37 suka ba da, ƙasansu kuma tsakuwa da ƙaiƙayi. Gwajin bushewa ba wuya. A zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a kwalba busasshiya, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, sai a sake shanya. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa, ƙwayar da ta bushe takan fashe da ƙara.

Ajiya ita ce inda ake asara ba a sani ba. Buhu ba ya taɓa ƙasa: katako a ƙarƙashi, tazarar kamu ɗaya zuwa biyu daga bango, don gara da kuma don mutum ya iya zagayawa da tocila. Wake ya fi komai saurin lalacewa, shi kam sai buhu mai ninki uku irin na PICS, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban. In ba iska, ƙwaron ya mutu da kansa, ba sai an sa magani ba. Amma huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin duka, shi ya sa muke duba kowace leda da hasken rana kafin a zuba. Rufin mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsin, a gyara shi a watan Mayu, kafin ruwan farko. Daminar 2024 ta rushe tsohon masallacin unguwar Birni a garin nan da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, balle ɗakin ƙasa na ajiyar hatsi. Ƙofa kwaɗo biyu gare ta, makulli ɗaya a hannun dattijo, ɗaya a hannun shugabar mata. Fasto ba ya riƙe makulli, ba ya taɓa kuɗi. Wannan kariya ce gare shi, domin ranar da buhu ya ɓace sunansa za a fara kira.

Muna buɗewa daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbunan gida suka kwashe, gona kuma ba ta nuna ba. Wanda ya ga 2005 a nan ya san yunwar shekarar ba ta rashin hatsi a kasuwa kaɗai ba ce, hatsin na nan amma farashinsa ya fi ƙarfin talaka. Haka aka sake gani bayan rufe iyaka da Najeriya a 2023. Farashinmu kuwa lissafinsa a allo yake: kuɗin saye, kuɗin mota da na dako, kuɗin buhu, sai kashi 10 cikin ɗari saboda asarar hatsi a ajiya da gyaran mangaza. Ko kasuwa ta ninka, namu ba ya motsawa. Nan ne jaraba take, kuma daga cikin ikkilisiya take fitowa. Kowace shekara sai wani ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya ya ce a sayar da rabi a farashin kasuwa a gina katanga da ribar. Amsarmu Karin Magana 11:26 ce, wadda ta ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi. In muka yi haka sau ɗaya, mun zama 'yan kasuwa masu gicciye a ƙofa.

Tiyar awo ɗaya ce, ta ƙarfe, an yi mata alama da fenti. Da ita muka saya, da ita muke sayarwa. Kowa ya san yadda ake ha'inci a awo: babbar tiya wajen saye, wadda aka bubbuga gindinta wajen sayarwa, ko a tara hannu a bakinta ga wanda aka sani, a janye ga baƙo. Malamai na wa'azi a kan tauye mudu a masallatai, mu ma Littafin Firistoci 19:36 ya hana mu, don haka ba wanda zai ce wannan koyarwa baƙuwa ce a garin nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da za a gan ta kullum. Mai awo yana cika tiya har ta yi tsororuwa, hannunsa a gefe, mai saye na kallo.

Gida ɗaya tiya 5 a mako, Talata da Asabar da safe, mu rufe kafin azahar. Da farko ba mu sa iyaka ba, sai wani mai shago ya turo yara shida da kwanuka daban-daban, hatsinmu ya koma teburinsa da tsada. Tun daga nan muka zauna da mai unguwa aka rubuta gidaje, kowane gida da katinsa. Mun kuma gaida liman muka gaya masa abin da muke yi tun kafin ya ji a bakin wani.

Kuskuren da ya fi ci mana rai shi ne layi biyu. Mun ware na 'yan ikkilisiya a inuwa, su fara, sauran jama'a su biyo. Cikin mako biyu unguwa ta gama yanke hukunci cewa rumbun na Kirista ne, sauran ragowa suke samu. Gaskiyarsu ne. Yanzu layi ɗaya ne, wanda ya riga zuwa shi ne gaba, sai tsofaffi da masu ciki da ake shigar da su. Matar fasto takan tsaya a rana bayan mai tallan ƙosai.

Ba ma wa'azi a layi, ba ma raba takarda, ba ma kunna waƙa. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe kwaryarta a ƙirji ta ce wa mai awo, "Ɗana, in na karɓa sai na shiga addininku?" Ya ce, "A'a Inna, kuɗinki kika biya, hatsinki ne." Wasu 'yan'uwa na ganin wannan ɓarnar dama ce. Ni ban yarda ba. Mai jin yunwa ba shi da 'yancin cewa a'a, kuma bangaskiyar da aka saya da tiya ba ta kai kaka. Wanda ya tambaye mu dalili, a gida ko a bakin hanya, muna gaya masa a fili cewa saboda Yesu Almasihu ne, ba ma ɓoyewa.

Bashi ya kusa cinye jarin a shekara ta biyu, kuma 'yan ikkilisiya ne suka fi ƙin biya, don suna ganin kayan gida ne. Yanzu bashi ga manomi kaɗai ake ba, tiya 10 ya mayar da tiya 10 a kaka, ba ruwa a kai, da shaidu biyu. Wanda ba zai iya biya ba kuma ba ma rubuta masa bashin da zai sa ya riƙa sauya hanya in ya hango mu. Buhu ɗaya cikin goma na gwauraye, marayu da naƙasassu ne, kyauta, Kirista ko Musulmi. Mata biyu ke kai shi gida bayan magariba a cikin kwano rufe da faifai, ba hoto, ba sanarwa a Facebook ko WhatsApp. Sunayensu a littafi daban suke, ba a karanta shi a taro.

Sauran lissafi kuwa ana karanta shi a gaban ikkilisiya Lahadin farko ta Oktoba, buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ɓera ya ci, sannan a kai wa mai unguwa kwafi. Bana tiya 22 ta ɓace tsakanin littafi da mangaza, an faɗa da lambarta, aka gano ledar wake biyu ce ta huje. Mako na gaba matasa za su share mangaza, su toshe ramuka da siminti, su fitar da katako a rana kwana uku kafin sabon hatsi ya shigo.