Safiyar da na kai kyamarata haikalin Liurong a Gwanzu

Zuwana Guangzhou ta ƙasar Chaina karo na huɗu kenan, garin da 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, amma in ka tambaye ni me na sani a cikinsa sai dai in ce maka unguwar Xiaobei da kasuwanni da ofishin masu kago, daga masauki sai kasuwa daga kasuwa sai masauki. Wannan karon kayana sun makale kwana biyu ba a gama haɗawa ba, sai na ce wa wani ƙanena da ke karatu a can ya raka ni in ga wani abu da ba shago ba, dama na zo da kyamarata tana ta kwana a jaka. Ya ce, "Yaya, in hoto kake so akwai wata tsohuwar hasumiya ta mabiya addinin Buda, in ba ka da matsala da shiga wurin." Na ɗan yi jim, dan gaskiya ni Musulmi ne kuma ban taɓa taka ƙafa a irin wurin ba, amma na ce kallo zan je yi da ɗaukar hoto, mu je.

Mun shiga metro, jirgin ƙasa na cikin gari, muka sauka a tashar Gongyuanqian, daga nan tafiyar ƙafa ce ba nisa zuwa titin Liurong. Tun kafin ka iso ƙofa hancinka zai faɗa maka ka kusa, shaguna ne a jere suna saida turaren tsinke da carbi irin nasu da furanni.

Abu na farko da ya same ni, ina fito da kyamara gilashinta ya yi gumi gabaɗaya, saboda ta kwana cikin sanyin esi ga garin kuma da laima kaman an jiƙa iska. In ka goge ma dawowa yake yi, dole ka haƙura ta ɗau ɗumin waje da kanta, wajen minti goma sha biyar na yi ina tsaye ba hoto ko ɗaya. Kuma wallahi wannan tsayuwar ta min amfani, dan a nan na fara kallon wurin da idona tukunna.

Haikalin tun shekarar 537 aka kafa shi, ka lissafa, ya kusa shekara 1500 kenan. Sunan Liurong ma'anarsa bishiyoyi shida, irin bishiyar nan dangin cediya da durumi mai sako jijiyoyi daga sama kaman gemu. A 1100 wani mashahurin marubucin waƙoƙi kuma jami'in gwamnati, Su Dongpo, ya biyo ta wurin ya ga bishiyoyin guda shida a tsakar gida suka burge shi ya rubuta haruffa biyu na Sinanci, Liu Rong, shikenan daga baya suna ya bi wurin. Ainihin shidan nan da ya gani sun daɗe da mutuwa, amma rubutun na nan an kafe shi a saman ƙofa, ƙanena ne ya nuna min dan ni da wucewa zan yi ta ƙarƙashinsa ban sani ba.

Sai hasumiyar, ita ce ta ba ni wahala kuma ita ce ta fi tsaya min a rai. Suna ce mata Hasumiyar Fure saboda bakin rufin kowane hawa ya lanƙwasa sama kaman furen da ya buɗe, launinta ja da fari, kusurwa takwas gare ta, tsayinta ya ɗan haura mita 57. Daga waje in ka ƙirga hawa tara za ka gani amma a ciki hawa 17 ne. Gobara ta taɓa cinye ta farkon, wannan da ke tsaye an sake gina ta ne a 1097. Matsalar mai hoto ita ce filin wurin ƙarami ne, gari ya cinye shi ta ko'ina, in ka ja baya ka ci karo da bango, in ka ɗaga kyamara sama hasumiyar ta fito kaman za ta faɗi ta baya, in ka matsa gefe kuma ga benayen mutane sun shigo hoton da na'urorin esi da shanyar kaya a baranda. Na yi ta kokawar cire benayen nan har na gaji, daga baya na ce to me ya sa ma zan cire su, ai haka wurin yake, wata mata na shanya rigar ɗanta a hawa na shida tana fuskantar ginin da ya shekara sama da 900. Na bar su a ciki, kuma cikin hotunan hasumiyar shi ne wanda na fi so.

Mutane na zagaya gindinta a hankali, duk ta hannu ɗaya, hasumiyar na damansu, wasu bakinsu na motsi. A tsakar gidan akwai wani babban kasko na ƙarfe cike da toka, kowa ya zo sai ya kunna tsinken turare uku ya riƙe da hannu biyu daidai goshi ya sunkuya sannan ya soke a tokar. In kana son hayaƙi ya fito a hoto kar ka ba rana baya, ka tsaya yadda hasken zai ratso ta cikin hayaƙin ya nufo ka, sannan ka nemi wuri mai duhu ya zama bayansa, nan take za ka ga ya fito fari tas yana murɗawa.

A nan ne na ga wata tsohuwa. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat an yanke shi gajere, takalmin yadi a ƙafarta, ta ajiye ledar lemu a gefe, hannunta na rawa har sai da ta kunna turaren sau uku kafin ya kama. Haske ya faɗo a fuskarta daidai yadda mai hoto ke mafarki, na ɗaga kyamara na zumo ta, sai na ga hawaye ne ke bin kumatunta. Yatsana na kan maɓalli na kasa dannawa. Abin da ya faɗo min shi ne, da mahaifiyata ce ta ɗaga hannu tana kuka tana roƙon Allah wani baƙo ya zo ya kafa mata kyamara a fuska, ya zan ji? Addininmu ba ɗaya ba ne, abin da take yi ba abin da na yarda da shi ba ne, amma kukan na gane shi. Na sauke. Da ta gama ta juyo muka haɗa ido, ƙanena ya gaishe ta da "ayi", wato kaman ka ce gwaggo, ta gyaɗa mana kai ta ɗau ledarta ta wuce ciki.

Babban zauren na da mutum-mutumin Buda guda uku na tagulla da aka ƙera a 1663, kowanne tsayin mita 6 da nauyin tan 10. Daga bakin ƙofa na tsaya na kalla ban shiga ba, ban kuma ɗauka ba, mutane na durƙushe a kan matasai kuma ƙarar kyamara a wurin da ya yi tsit haka ba daɗi, filasha kam kar ma ka fara. Ƙanena ya ja hankalina kan dokin ƙofar, katako ne mai tudu, ya ce tsallake shi ake yi ba a takawa, rashin ladabi ne a wurinsu. Akwai wani zauren daban na Huineng, babban malaminsu na shida a ɗariƙar Chan, wadda a Japan ake kira Zen, mutum-mutuminsa tun 989 yake.

Da rana ta take haske ya yi kaushi hoto ya daina kyau, muka fito muka gangara da ƙafa zuwa titin Guangta inda masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Chaina, mutanen wurin na danganta kafuwarsa da sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, shi ma da tasa hasumiyar mai mita 36, a mulmule ba ado ko kaɗan. Muka yi alwala muka jira azahar. Ina zaune a inuwa ina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, hasumiya, hayaƙi, rubutun ƙofa, shanyar baranda, sai na iso kan na kaskon turaren, tsinke uku sababbi a tsaye a gefen hagu sun ɗan karkace, ina ganinsu na san na tsohuwar nan ne.