Koren Mambila Ya Cinye Min Alli

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, amma har yanzu in na duba ƙarƙashin farcena kore nake gani. Maiɗakina ta kafa min doka, kada in ƙara taɓa mata farin labule.

Zane ne ya kai ni. Ina koyar da shi a wata sakandare a Kano, kuma shekara uku ke nan da na kamu da son fastel, allin nan mai laushi da ake yi da garin launi, a ɗan sa masa ƙaro don ya tsaya sanda. Ba ruwa, ba buroshi, ba jiran bushewa, ka goga a takarda ka murza da yatsa. Akwatina na Mungyo ne, ɗan Koriya, mai sanda 48. Sennelier na Faransa da manya ke yabo kuwa, sandarsa guda kuɗin cefanen yini ce, malamin makaranta sai dai kallo.

Daga Kano zuwa Jalingo ba abin faɗa. Bayan mun wuce Bali ne wani jami'i a shingen bincike ya buɗe jakata, ya ga akwati an shimfiɗe shi da auduga, gari ja da shuɗi ya zuba a ciki. Ya ce, "Kai, wannan hodar mece ce?" Na ce, "Yallaɓai, allin zane ne." Ya ɗauki sanda ya shinshina, ya matsa don ya ga abin da ke ciki, ta ruguje. Ya ɗauki ta biyu, ita ma haka. Kuma duk biyun kore ne! Ko sannu bai ce min ba, ya ture min akwatin ya goge hannu a wandonsa. Ban gaya masa launin ba ya fita da kaɗewa ba.

Mun kwana a Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Daga Mayo Selbe aka fara hawan dutse, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har da hawan da ake kira Biyu da Sisi. Kunnuwana suka toshe, wata tsohuwa a bayana ba ta daina salati ba. Na zaci in mun kai sama tsiraran duwatsu zan gani irin na Jos. Ina! Tuddai ne masu sulɓi, kamar an kife ƙorai an lulluɓe su da koren bargo, iya ganinka. Wurin ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, Kano kuwa ba ta cika 500 ba. Sanyinmu na hunturu busasshe ne mai fasa leɓe, nasu jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake shiga.

Wani dattijo Bafulatani, kawun direbanmu, shi ya sauke ni kusa da Nguroje. Ɗaki, bargo biyu, madara mai ɗumi da asuba, kindirmo da rana. Da na kawo zancen kuɗi sai ya ɓata rai, ya ce, "Malam, ashe otal ka ɗauki gidana?" Na yi shiru.

Zanen farko abin kunya ne. A gida hannuna ya saba da Dala da Goron Dutse da ganuwa, ja da ruwan ƙasa da toka-toka, korayena kusan sababbi ne. Nan kuwa na dinga zuba kore a kan kore har takarda ta koma filin ƙwallo. Dattijon yana tsaye a bayana da sandarsa, can ya ce, "Malam, wancan tudun na nesa, kore ka gan shi?" Na ɗaga kai. Wallahi shuɗi ne mai toka, na bayansa ma har ya kusa sajewa da sama. Abin nan kullum ina faɗa wa ɗalibai a aji, cewa nesa tana kashe launi, amma a Kano ƙura ce ke kashe shi, zuwa ruwan ɗorawa. Na ce, "Baba, ka fi ni ido." Ya ce shi shanu yake hange tun yana yaro.

Daga ranar na canza. Tudun kusa sai in fara shimfiɗa masa ja mai duhu, in ɗora kore sama-sama, jan yana leƙowa kamar yadda jar ƙasarsu ke leƙowa ta cikin ciyawa. Na nesa kuma shuɗi da shanshanbale. Hazo ne fitina: ka fara aiki rana tas, kafin ka gama zana sama, hazon ya taso daga kwari ya haɗiye komai, takarda ta yi laushi, allin ya ƙi kamawa. A Gembu na sayi samfefa mai laushin ido wajen masu kayan gini, tana riƙe launi sosai, sai dai tana cin alli kamar gara. Cikin kwana uku korayen da suka tsira daga jami'in nan sun koma kamar ƙwayar gyaɗa.

Da na miƙa wa Baba wanda ya fi kyau, ya duba ya ce, "Ina shanun?" Na ɗiga jajaye guda biyar a gefen tudu. Ya ƙirga, ya ce sun yi kaɗan amma ya karɓa. Na naɗe masa a takarda, na roƙe shi kada jikoki su taɓa, don ban fesa masa maganin da ke riƙe alli a takarda ba, feshin yana dusashe launi.

Kuɗin fiya biyu a Kano ya cika min leda a Nguroje, ayaba ma kusan kyauta. Amma duk abin da mota ta hauro da shi, wuta. 'Yan acaɓa kuwa da sun ga baƙo da allon zane sai kuɗi ya ninka, a nan ba su bambanta da namu ba. Gaisuwa dai sun fi mu, yaro ba ya wuce ka bai gaishe ka ba, galibi da Fulatanci.

Na leƙa gonar shayi ta Kakara, na sayo ƙunshi biyu. Na sauka bakin kogin Donga, ruwa ya kore ni. Zane 11 na dawo da su, biyu sun dame a hanya, domin yaron mota ya ɗora buhun dankali a kan jakata.