Yinin da na yi ina rina bangon ƙaramin zaure

Yau Asabar na tashi da niyyar gama rina samfurin zauren nan kafin azahar, sai ga shi har an idar da sallar isha'i bango uku ne kawai cikin takwas nake iya kallo raina bai ɓaci ba. Samfurin na gidan gargajiya ne irin na cikin birnin Zariya, zaure mai zankwaye da soro ɗaya a bayansa, kuma na yanka shi a kan ma'aunin 1:50, wato bangon da tsayinsa ya kai mita 4 ya koma santimita 8 a kan teburina. Da wani allon masana'anta da ake kira MDF, mai kaurin milimita 3, na yi shi, domin yana yankuwa daidai, ba ya tsagewa, kuma ya fi falawud sauƙin kuɗi. Launin da nake nema shi ne na bangon ƙasa da ya sha makuba ya kwana biyu, ja-ja mai duhu, wanda fenti ba ya bayarwa saboda yana rufe komai ya bar abu sumul kamar roba.

Kuskurena na farko shi ne ban gwada a kan guntu ba. Na tsoma buroshi cikin rinin katako mai haɗin ruwa na shafa wa bangon gaba kai tsaye. A fuskar allon rinin ya tsaya yana yawo, ya bushe da sawun buroshi a jikinsa, amma a bakin yanka, musamman cikin bakan ƙofa da kan zankwaye, ya nutse nan take kamar ruwa a rairayi, wurin ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, ya tashi da gashi-gashi. Kafin rabin sa'a iskar hunturu ta busar da gefen da na shafa, bangon ya lanƙwashe kamar fatar da aka manta a rana. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wasu fararen tabo guda biyu kusa da ƙofa, daidai inda yatsana ya taɓa da farin gam shekaranjiya. Gam ɗin ya bushe ba a ganinsa, sai da rini ya zo ya tona asirinsa.

Da hantsi na sa bangon a jaka na tafi Sabon Gari wurin wani dattijon kafinta da mahaifina ya saba kai wa aiki. Bayan mun gaisa na miƙa masa na ce, "Baba, ka duba mini abin da na ɓata." Ya juya shi gaba da baya, ya murza bakin da babban yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, kai ka ɗauke shi katako ne. Wannan dusar katako ce aka dunƙule." Ya yi mini bayani cewa itace ake niƙawa ya zama zare-zare, a cakuɗa shi da gam da ɗan kaki, a danne shi da zafi, shi ya sa fuskarsa ta matse ta yi santsi, cikinsa kuwa ya fi sakwa-sakwa. Rini an yi shi ne don ya bi jijiyar itace ya fito da zanenta, allon nan kuma ba shi da jijiya ko ɗaya, saboda haka duk inda wuƙa ta buɗe cikinsa nan zai sha fiye da kima.

Ya ɗauki wani guntu daga ƙasa ya nuna mini a aikace. Ya goge bakin da sanfefa mai laushi, ya shafa masa abin da suke kira sila, mai toshe ƙofofin allo don kada ya sha rini da yawa, wadda ya tsinka da tina, wato ruwan tsinka fenti, har ta yi ruwa-ruwa, ya bari ta sha iska, ya sake gogewa a hankali. Daga nan ya ɗiga rini mai haɗin mai a tsumma, ya shafa, ya share ragowar tun bai bushe ba. Baki da fuska suka fito kusan launi ɗaya. Ya gargaɗe ni kada in cika silar, domin idan ta yi kauri rinin zai zame a kai kamar yadda ya zame a kan gam, kuma ya ce in riƙa ɗaura takunkumi idan ina gugar allon, ƙurarsa ba ta da daɗi a ƙirji.

Bayan la'asar na sake yanka bangon gaba, na ɓamɓare waɗanda na riga na manna, abin da ya ci mini zanko ɗaya. Yanzu kowane ɓangare ina rina shi ne kafin haɗawa, gaba da baya, don kada gefe ɗaya ya ja ɗaya ya lanƙwashe. Na kuma gano wani abu da dattijon bai faɗa ba: idan na daddanna tsumman maimakon in ja shi, launin yana fitowa da ɗan dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani wuri haske, kuma haka yaɓen ƙasa yake a idon duk wanda ya taɓa bi ta lungunan Ƙofar Doka. A ganina rashin jijiyar nan da ya hana allon kama da katako shi ne ya sa ya dace da bangon ƙasa. Siraran sandunan da za su tsaya a matsayin azara kuwa da gangan na ƙi sa musu sila, suka sha rini suka yi duhu irin na tsohuwar giginya a rufin soro.

Bango ukun da suka yi kyau suna kwance yanzu tsakanin takardu, na ɗora musu manyan littattafai biyu, na kuma kife kwano a kan azarorin saboda ƙurar da ke shigowa ta ƙarƙashin taga. Ɗakin duk warin tina yake yi, don haka a falo zan kwana. Saura bango biyar, sai kuma zankon da ya karye, wanda zan sake yankawa gobe da safe.