Lambar ɗalibi guda ce a Ostareliya, ni aka yi min biyu

Duk wanda ya yi kwas ɗin koyon sana'a a Ostareliya daga 1 ga Janairun 2015 zuwa yau ya san USI, wato lambar shaidar ɗalibi ta ƙasar. Haruffa da lambobi ne guda goma a cakuɗe, kyauta ake buɗewa, kuma dokar da aka yi a 2014 ta hana makaranta miƙa maka takardar shaida sai tana da lambarka. Abin da suke ta nanatawa shi ne guda ɗaya ce, ita za ka riƙe har ƙarshen rayuwa. Ni kam biyu aka yi min, ban kuma sani ba sai ranar da na fi buƙatarta. Zangon karatu guda cur ya tafi a kan haka.

Ta farko da hannuna na buɗe ta a 2019, a waya, da fasfona na Najeriya mai bizar ƙasar. Da ita na yi Satifiket na Uku na kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, a wata makarantar kuɗi da ke yammacin Melbon. Na yi karatun aji, na yi awa 120 na aikin gwaji a gidan tsofaffi, na koyi yi wa dattijuwa wanka ba tare da an tozarta ta ba, da juya wanda ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo. Na karɓi takardata, na sami aiki. Nan ba wata matsala.

Daga fasfo abin ya faro. Na farkon tun ina budurwa na yi shi, sunan mahaifina ne a kai. NIN kuwa bayan aure na yi ta, da sunan maigida. Da fasfon ya ƙare na je sabuntawa, sai aka bi abin da ke kan NIN, kamar yadda ake yi yanzu. Duk wanda ɗansa ya taɓa neman rajistar JAMB da suna mai ƙarin harafi ɗaya ya san irin wannan ciwon kan. Na bi banki, na bi lasisin tuƙi, na bi katin Medicare na kiwon lafiya, duk na mayar da su sabon suna. Ba wanda ya ce min ita ma USI akwai suna maƙale a jikinta.

Masu irin aikinmu duk shekara muke sabunta horon farfaɗo da numfashi, na agajin gaggawa kuma duk shekara uku. Wurin aiki suka tura ni wata ƙaramar cibiya, kwas na yini ɗaya. A fom ɗin akwai gurbin USI. Ban haddace ta ba, wa ke haddace irin wannan? Na ce wa yarinyar da ke kan tebur ina da ita, ta duba min, tunda makarantu suna da hanyar nemo lambar ɗalibi. Ta ce ba komai, in sa hannu a shafin baya kawai. Ashe a shafin bayan nan akwai layin da ke ba su izinin buɗe wa mutum lamba idan ba shi da ita. Ta nema da sunan maigida, ba ta ga kowa ba, maimakon ta ɗago kai ta tambaye ni ko na taɓa amfani da wani suna, sai ta ɗauki sabon fasfo ta buɗe min sabuwa. Ina tsaye a gabanta fa. Tambaya ɗaya tak. Saƙon ya shigo imel ɗina, ya nutse cikin tallace-tallace.

Daga nan duk kwas ɗin yini ɗaya da na yi, kan sabuwar yake hawa. Satifiket ɗina, wanda na sha wahala a kansa, yana can kan tsohuwar.

Sai da na nemi shiga TAFE, wato kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, don yin difilomar aikin jinya asiri ya tonu. Jihar Biktoriya ta fara shirin TAFE kyauta a 2019, kuma wannan difilomar tana ciki, don haka rububinta ake yi. Na nemi a yafe min darussan da na riga na ci, domin tsarin ƙasar ya yarda da haka: in ka ci darasi a makaranta mai rajista, wata ba za ta sa ka maimaita ba. Sai dai sai sun tantance. Ko dai su ga abin a rijistar karatunka ta USI, bayan ka shiga shafinka ka ba su izinin dubawa, ko su tuntuɓi makarantar da ta ba ka takardar.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: ba a buga USI a jikin satifiket, ƙa'ida ce ta hana. Saboda haka ba inda zan duba sai imel. Na rubuta haruffan uku a wurin bincike, saƙon da ya fara fitowa na kwafi lambar ciki, na ba da izini, na kwanta da kwanciyar hankali.

Ma'aikaciyar TAFE da ta kira ni ta yi min magana da ladabi, ba ni da abin cewa a kanta. Ta ce abin da take gani a rijistata horon farfaɗo da numfashi ne da agajin gaggawa, shi ke nan. Na ce ga takardata a hannu. Ta ce sunan da ke kanta ba shi ne na fom ɗina ba, kuma makarantar da ta ba ni ta rufe, ba wanda za su kira. Sai na ji kamar wadda ta yi shekaru tana zubin adashi, ranar kwasa uwar adashi ta buɗe littafi ta ce ba ta ga sunanta ba.

Maigida ne ya fara kawo zancen. Ya ce, "Maman yara, anya ba lamba biyu gare ki ba? Wannan ai ba ita ce kika taɓa turo min ba." Ya laluba tsofaffin saƙonninmu na WhatsApp, sai ga ta farkon.

Gyaran kansa bai kai fargabar da na yi ba. Na kira ofishin da ke kula da lambobin, suka yi min tambayoyi har suka gamsu cewa duka biyun nawa ne, aka bar min guda. TAFE kuma na kai musu fasfo tsoho da sabo da takardar aure, wadda Allah ya sa muna da ita tun lokacin neman biza. Amma kowane mataki da nasa jira, kuma kafin komai ya daidaita an rufe ɗaukar ɗalibai na wannan zangon. Na koma aikin dare na ƙarin wata shida, ina kallon waɗanda muka nema tare suna saka hotuna da kayan ɗaliban jinya.

Duk da haushin, ba zan zagi tsarin ba. Ranar da na buɗe rijistar bayan gyara, sai ga Satifiket na Uku, darasi bayan darasi, kowanne da lambarsa da sakamakonsa, daga makarantar da yau ko allon sunanta babu a ƙofa. Makarantu suna tura bayanan ɗalibai ga NCVER, cibiyar da ke tattara bayanan karatun sana'a na ƙasar, daga can rijistar ke ɗauka, don haka rufewar makaranta ba ta shafe abin da ta riga ta tura. Ban bi wani shugaban makaranta gida ba, ban roƙi wani magatakarda ba. In da ba a ga komai ba, da sai in nufi ASQA, hukumar da ke sa ido kan yawancin makarantun sana'a, wadda ake miƙa wa bayanan ɗalibai idan makaranta ta rufe.

Rijistar tana da iyakarta dai. Wasu makarantu duk wata uku suke tura bayanai, wasu sau ɗaya a shekara, saboda haka kwas ɗin da ka gama jiya ba lallai ka gan shi ba sai bayan watanni. Abin da aka yi kafin 2015 ba ya ciki sam. Kuma ba ta maye gurbin takardar ainihi, kada wata ta jefar da tata. Lambar ma yanzu ta wuce harkar sana'a: tun 2021 sababbin ɗaliban jami'a masu neman tallafi ko bashin karatu na gwamnati suna buƙatarta, daga 2023 kuma ba a ba ka digiri sai da ita. Wadda aka raba wa lamba biyu a kwas ɗin yini ɗaya, abin zai iya bin ta har jami'a.

Yanzu duk matar da ta zo min da zancen kwas, kafin ta gama gaisuwa na tambaye ta da wane suna ta buɗe lambarta, kuma wane suna ne a fasfonta na yau. In sun bambanta, a nan take muke shiga shafin mu gyara da sabuwar shaida. In ta manta lambar, akwai wurin nemo ta a shafin da imel ko lambar waya, ba sai ta bar wa mai tebur ba. Shafin bayan fom kuwa, ina ce musu su karanta shi layi-layi ko da mutum goma ne a bayansu suna tsaki. Cibiyar nan har yau wurin aikinmu can suke tura sababbin ma'aikata. Ni dai na nemi a canja min wata, na biya kuɗin daga aljihuna.