Waldorf Astoria ya dawo, amma rabinsa gidajen mutane ne yanzu

An dai buɗe Waldorf Astoria bayan shekara takwas yana garƙame. A watan Yulin 2025 suka fara karɓar baƙi. Ga 'yan uwa da ba su san New York ba, otal ne a kan titin Park Avenue a tsakiyar Manhattan, ya cinye fili gaba ɗaya tun daga layi na 49 har na 50, hawa 47, kuma duk mai tuƙin haya a garin nan irina ya san shi ko da bai taɓa leƙa ciki ba, saboda tun 2017 katakai da ƙarafan gini ne suka zagaye shi, kullum ka biyo ta titin Lexington da ke bayansa sai ka tarar da wata motar kaya ta tare maka hanya ana sauke wani abu. Lokacin da aka rufe shi a watan Maris na 2017 cewa aka yi shekara uku za a gama aikin. To ga ukun nan ta zama takwas.

Na shiga na gani da idona, kuma gaskiya ba zan yi musu ƙarya ba, aiki ya yi kyau. Agogon nan nasu yana nan a tsakiyar falo an goge shi yana ɗaukar ido, wanda aka ƙera a Landan don baje kolin duniya na Chicago a 1893, ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, a jikinsa akwai fuskar Sarauniya Victoria da su George Washington da Lincoln, a can ƙolinsa kuma ƙaramin mutum-mutumin Liberty. Idan ka shigo ta ƙofar Park Avenue kuwa ƙasa za ka fara kallo, akwai wani zane da wani Bafaranshe Louis Rigal ya tsara da ƙananan gutsattsarin marmara guda 148,000, wai guda guda aka jera su, kai har sai ka ji nauyin taka shi da takalmi. Fiyanon Cole Porter, mawaƙin da ya yi shekaru yana zaune a otal ɗin, shi ma an gyara an dawo da shi.

Amma fa kada a ɗauka wai son tarihi ne kawai ya sa masu kuɗin suka bar waɗannan. A 2017 ɗin, hukumar birni mai kula da gine-ginen tarihi ta saka manyan falukan ciki da babban ɗakin taro a cikin abubuwan da doka ta hana a rushe ko a canza musu kama, don haka dole ce ta sa. Inda dokar ba ta kai ba, wato benayen sama inda ɗakunan kwana suke, nan kam an kwashe komai an sake zubi.

Kuma nan ne maganar take. Da can otal ɗin na da ɗakuna kusan 1,400. Yanzu 375 ne. Sauran wurin an mayar da shi gidaje 372 na sayarwa, mafi ƙanƙanta a ciki, ɗaki ɗaya tal da kicin da banɗaki, ya tasam ma dala miliyan 2. Kwana ɗaya a otal ɗin kuma, lokacin da aka buɗe shi a 2025, daga wajen dala 1,500 aka fara. Ni dai a ganina abun da aka buɗe ba shi ne aka rufe ba. Otal mai ɗaki 1,400 gari ne guda, dole ya cika ɗakunansa ko ta halin ƙaƙa, don haka kafin a rufe shi in ka yi sa'ar lokacin sanyi da kasuwa ta faɗi, malamin makaranta ma zai iya tara kuɗi ya kai matarsa su kwana ɗaya su yi hoto, ga masu zuwa taro, ga 'yan biki, ga mu a bakin ƙofa muna layi muna jiran fasinja, ga ɗaruruwan masu gyaran gado da masu wanki da masu ɗaukar jaka waɗanda yawancinsu baƙin haure ne irinmu. Ɗaki 375 ba zai ci ma'aikatan da 1,400 ke ci ba, wannan ko ba ka yi boko ba ka san lissafin.

Tarihin wurin shi kansa da faɗan gida ya fara. Asalin Waldorf ba a nan yake ba, a Fifth Avenue yake, William Waldorf Astor ne ya gina shi a 1893 daf da gidan matar ƙanin babansa, Caroline Astor, wadda ba sa ga maciji da ita, haka kawai ta wayi gari ga ƙaton otal ya yi mata rumfa a ka. Ta tattara ta bar unguwar, ɗanta John Jacob Astor na huɗu ya gina nasa otal ɗin a filin gidan a 1897 ya sa masa Astoria, daga baya aka haɗa biyun da wani dogon lungu aka mayar da su abu ɗaya. Ɗan wa da ɗan ƙani kenan, gaba ta gaba amma kuɗi ya sasanta su. Shi John Jacob ɗin a jirgin Titanic ya rasu a 1912, kuma abun mamaki a cikin otal ɗin nasa majalisar dattawan Amurka ta fara zaman binciken nutsewar jirgin. A 1929 aka rushe shi, a wurin ne aka gina Empire State Building. Wannan na Park Avenue a 1931 aka buɗe shi, ana tsakiyar karayar tattalin arziki mutane na layin karɓar miya, shugaban ƙasa Herbert Hoover ya yi jawabin buɗewa ta rediyo daga White House, kuma daga baya, bayan ya sauka daga mulki, a nan ya tare har ya rasu a 1964.

Yadda aka yi shekara uku ta koma takwas ma labari ne. A 2014 kamfanin Hilton ya sayar da ginin ga wani kamfanin inshora na Chaina mai suna Anbang a kan dala biliyan 1.95, a lokacin ba a taɓa sayen otal da tsada haka ba, Hilton kuma ya riƙe kwangilar gudanar da shi na shekara 100. Shekarar da ta biyo baya Obama ya zo taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙi sauka a nan, ya tafi Lotte New York Palace, alhali tun daga Hoover duk shugaban Amurka a Waldorf yake sauka, kowa ya gane tsoron kada a dasa musu na'urar sauraro ne. Sai kuma a 2018, ana cikin aiki an riga an fasa ko'ina, gwamnatin Chaina ta ƙwace Anbang, shugabansa Wu Xiaohui aka ɗaure shi shekara 18 kan zamba da almundahana, kadarorin suka koma hannun wani sabon kamfani Dajia wanda gwamnati ke da iko da shi. Ana haka korona ta zo ta tsayar da komai. Wato yau otal ɗin da Amurkawa suka fi tinƙaho da shi, idan ka bi diddigi, na gwamnatin Chaina ne, ni wannan har yanzu dariya yake ba ni in na tuna yadda suke zagin juna a talabijin.

Wani fasinja da na ɗauka, dattijo ne Bature haifaffen garin, ya yi ta yi min musu cewa ai gara haka, wai otal ɗin kafin a rufe shi ya tsufa, kafet ya ƙoƙe, ɗakuna ƙanana, suna kawai ake saya. Ban ce ƙarya yake ba. Gini mai shekara sama da 80 dole bututun ruwa da wayoyin wuta su gaji, kuma babu mai zuba biliyoyin daloli don Allah ya saka masa, dole ya nemi inda zai fanshe, gidajen nan 372 su ne inda za a fanshe. Na yarda da wannan. Inda muka rabu shi ne shi yana ganin an ceto Waldorf, ni kuma ina ganin an ceto falonsa da sunansa ne don a samu abun tallata gidaje, kuma irin masu sayen gidajen nan da yawansu ba zama za su yi ba, ajiyar kuɗi ce, sai ka wuce da daddare ka ɗaga kai ka ga tagogi duk duhu kamar yadda muke gani a dogayen benayen layi na 57.

Babban ɗakin taron ne kawai nake sa ran zai dawo da hayaniyar da. A nan ake yin liyafar Al Smith, inda 'yan takarar shugaban ƙasa ke zama teburi ɗaya suna yi wa juna shaguɓe, a nan Trump da Hillary Clinton suka yi nasu a Oktoban 2016 watanni kaɗan kafin a rufe. In aka dawo da irin waɗannan taruka da bukukuwa, mu ma za mu ɗan samu, don daren da aka tashi daga babban taro a Park Avenue mutum na iya yin cinikin da ba ya yi a yini guda. Shawarata ga 'yan uwa masu tuƙi dai, a watan Satumba lokacin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kada ku kuskura ku shiga layi na 49 ko na 50 da fasinja mai sauri, 'yan sanda kan toshe su tun daga First Avenue, gara ku sauke shi nesa kaɗan ya ƙarasa da ƙafa.