Wa ke riƙe biro a taronku?

Da wuya yau wani ya fito fili a ofis ya ce mace ba ta kai namiji ba. Abin ta ƙananan ƙofofi yake shigowa. An zauna taro, shugaba ya ce, "Wa zai rubuta mana abin da aka tattauna?" Kafin a amsa, idanu sun riga sun sauka kan macen da ke wurin, ko da kuwa ita ce ta fi kowa daɗewa a sashen. Mai rubutu ba ya samun bakin magana, hankalinsa na kan kalaman wasu. Bayan wata shida sai ka ji ana cewa, "Ai ba ta cika kawo shawara ba."

A 2017 masaniyar tattalin arziki Linda Babcock da abokan aikinta suka wallafa bincike a Amurka kan irin waɗannan ayyuka da ba sa kai mutum ga ƙarin girma. Sun gano an fi roƙon mata su yi su, kuma mata sun fi amsawa. Abin lura shi ne, da aka ware maza su kaɗai, sai suka riƙa ɗaukar aikin daidai da yadda mata ke ɗauka in an ware su su kaɗai. Ashe ba halitta ba ce, kowa dai ya san wadda ake jira ta miƙa hannu.

Gyaran ba ya buƙatar dogon wa'azi. A zauna a lissafa ayyukan: rubuta bayanan taro, karɓar baƙi, shirya bikin sallama, tattara gudummawa, koya wa sabon ma'aikaci hanya. A jera sunan kowa a jadawali, a liƙa shi inda ake gani, a daina tambayar "wa zai taimaka?" Inda abin ke lalacewa sananne ne: ranar da layi ya zo kan wani, sai ya ce rubutunsa ba kyau, ko ya kawo aikin a hargitse har a gaji a mayar wa mace. Kada a mayar. A ba shi samfurin na makon jiya ya gyara nasa.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne mai zuwa da rigar tausayi. "Tana da goyo, kada a wahalar da ita da wannan tafiyar." Ba a tambaye ta ba, an yanke mata, alhali a irin tafiyar nan ake sanin manya, ake samun abin rubutawa a takardar neman ƙarin girma. Binciken masaniyar zamantakewa Shelley Correll na 2007 a Amurka ya nuna cewa takardun neman aiki masu cancanta ɗaya, in aka nuna mai su uwa ce, albashin da ake ba da shawarar a ba ta yana raguwa da kusan dala 11,000. Uba kuwa bai yi asarar komai ba. A kai mata tayin kamar kowa, ita ta san gidanta.

Sai lokacin rubuta rahoton ƙwazo na shekara. Kafin ka sa hannu, cire sunanta ka sa na namiji, ka sake karantawa. In "tana da zafi" ya koma "yana da tsayin daka" a bakinka, goge layin, ka rubuta aikin da ta yi da ranar da ta yi shi.